Kaskon Turare a Ƙofar Bayahudiya

Na fara da sunan Allah, wanda ya san abin da hannu ya yi, ya kuma san abin da zuciya ta nufa. Sunana A'ishatu, a Aliero ana ce mani Inna A'i. Ban yi boko ina yarinya ba, sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri da ni. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani suna da aka laƙaba mani a kan abin da ban yi ba. Masu kirana da shi yabona suke yi. Ni kuwa ba na so, kuma ba zan amsa shi ba har in koma ga Allah.

Ɗiyata Kulu ce ta haihu a ƙasar Holan. Mijinta, Malam Nasiru, yana koyarwa a jami'ar garinmu, aka tura shi ƙaro karatu a kan yadda ake adana albasa ba ta ruɓe ba, ya tafi da ita. Haihuwar fari ce, wadda a al'ada gida za ta zo ta yi wanka. Da likitocinsu suka hana ta hawa jirgi, sai aka ce to, uwa ta bi ɗiya.

Zangona na farko filin jirginsu ne. Nan aka zazzage jakata a kan tebur a gaban jama'a, har da ƙananan kayana na mata. Suka kwashe kilishi da daddawa da man shanu da busasshen ganyen dogon yaro da na tanada don wanka. Kanwa kuwa sai da aka kawo kare ya shinshina ta. Wani dogon Bature mai safar hannu ya ɗaga kaskon turarena na ƙasa ya jujjuya, ya buɗe kwalbar turaren wuta ya kai hanci, ya yi murmushi ya mayar mani. Na yi ta godiya. Da na san abin da ke gaba, da na roƙe shi ya haɗa da su.

Malam Nasiru yana asibiti wurin matarsa, saboda haka wani Bala ne ya zo ɗaukata. Ɗan Jega ne, ya daɗe a can yana rarraba kaya da mota, kuma na san mahaifiyarsa, tana sayar da fura kusa da tasha. Jin Hausar gida a bakinsa ya sa na ji kamar an sauke mani wani nauyi. Bala akwai surutu. Bai kai ni gida kai tsaye ba, sai da ya zagaya da ni ta gaban wani babban gini ya ce nan ne ake gurfanar da ƙasa sukutum gaban alƙali, kamar yadda ake kai ɓarawon akuya. Mutane sun cika bakin titi da tutoci a cikin yayyafi, waɗansu a nan, waɗansu a can, 'yan sanda a tsakani. Ya ce duk a kan yaƙin Gaza ne. Wannan ba sai an ba ni labari ba. Tun a gida muna ganin yaran da ake zaƙulowa daga ƙarƙashin gini a cikin waya, mun yi kuka, mun yi addu'a, kuma har gobe ina yi.

Gidan su Kulu a hawa na uku yake. Ƙofa biyu ce ke kallon juna a kan matakala, da taga ɗaya a tsakaninsu. Abin da ya fi sanyin ƙasar damuna shi ne shirunta. Babu carar zakara, babu kiran salla, babu mai leƙowa ya ce an kwana lafiya. Da rana in jaririn ya yi barci sai in tsaya bakin taga in yi ta kewar abin da ban taɓa zaton zan yi kewarsa ba, wato warin albasa lokacin da ake loda manyan motoci a bakin hanya.

Maƙwabciyar tamu na fara ganinta ne tana hawowa da ɗan keken cefanenta, tsohuwa 'yar ƙarama, kanta fari fat. Na russuna na gaishe ta kamar yadda ake yi wa babba. Ta dubi hijabina, ta ƙara sauri, ta shige, na ji tana murza makulli har uku. Kulu ta ce sunanta Madam Miriyam, Bayahudiya ce, ita kaɗai take zaune. Ta ce da can suna gaisawa, har safar jariri ta saƙa mata da ta ga ciki, amma tun da yaƙin nan ya ɓarke ta daina buɗe wa kowa ƙofa. Na sake gwadawa wata rana, ta sake yi mani haka. Sai na ce a raina ƙyamarmu take yi, kowa ya tsaya a ƙofarsa.

Wankan jego a gidan Turawa wahala ce. Babu itace, babu babbar tukunya, sai butar lantarki da bokiti. Bala ya kawo wani ganye a leda ya ce dogon yaro ne daga shagon Indiyawa, ya karɓi kuɗi masu ciwo, ni kuwa da na jiƙa shi ƙanshin shayi na ji. Na yi amfani da shi haka nan, don baƙo ba shi da zaɓi. Turaren wuta ne ya kawo matsala. Ranar da na fara kunna shi a ɗaki, wani farin abu da ke manne a silin ya ɗauki ihu kamar ana yanka shi, sai da Malam Nasiru ya hau kujera ya kashe. Kunyata yake ji, bai iya yi mani magana ba, sai ta bakin Kulu ya roƙa a daina kunnawa a ciki. Ni kuma ban ga yadda maijego za ta zauna ba ta tsuguna a kan turare ba. Sai na samo dabara. In fita da kasko kan matakala, in ajiye a ƙarƙashin tagar nan, in jira gawayi ya kama hayaƙi ya rage, sannan in shigo da shi banɗaki. Na yi haka kwanaki babu abin da ya faru.

Ranar da abin ya faru, bayan suna ne da 'yan kwanaki, da hantsi. Na hura gawayi, na barbaɗa turare, sai na ji jaririn ya tsala kuka Kulu kuma tana cikin ruwa. Na shiga da niyyar in ɗauko shi in dawo. Ya ɓata jikinsa har baya, na tsaya gyara shi. Iskar tagar kuwa ta juya, ta kwashi hayaƙin ta tura shi ta ƙarƙashin ƙofar tsohuwar.

Ihunta na fara ji, sannan ƙarar faɗuwar wani abu. Kafin in gane abin da ake ciki, motar kashe gobara da ta 'yan sanda sun cika layin. Daga baya na ji cewa da ta ga hayaƙi yana shigowa, ta ɗauka wuta aka sa mata, ta buga waya, ta ruga za ta fita barandar baya, ta yi tuntuɓe ta karye a hannu. Aka fito da ita a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. 'Yan sanda suka ga garwashi a taku biyu daga ƙofarta, suka tambaya na wane ne. Na ce nawa ne. Suka sa kaskon a leda kamar wanda ya kashe rai, suka ce in biyo su.

Muna fitowa ƙofar gini na hangi Bala, ya kawo mana geron kunu. Na ji sanyi a raina, na ce ga na gida. Ban lura da cewa waya ce ya ɗaga ba.

Zango na biyu ofishin 'yan sanda. Tsakani da Allah ba wanda ya taɓa ni. Wata 'yar sanda ma da ta ga ina dube-dube ta gane salla nake so in yi, ta duba wayarta ta nuna mani alƙibla, ta shimfiɗa mani tawul. Aka samo tafinta ta waya, wani mai Hausar Gana, muka yi ta fama. A nan na fara jin abin da ba wanda ya gaya mani. Ashe a 'yan watannin nan an fasa wani ɗan abin addininsu da ke manne a jikin ƙofarta, an rubuta zagi a akwatin wasiƙunta, an kuma taɓa cusa tsumma mai wuta a ciki. Tana ta kai ƙara ba a kama kowa ba. Yau ga shi an kama, mace Musulma da hijabi da garwashi.

Suka karɓe fasfona, suka sallame ni da sharaɗin kada in kusanci tsohuwar, kada kuma in sake taka ginin har a gama bincike. Na ce ɗiyata jego take yi, wa zai yi mata wanka? Tafinta ya ce wannan ba ya cikin abin da aka tambaye ni. A mota na ce wa Malam Nasiru, garin da ake shari'ar ƙasashe, ga shi sun samu ta kasko. Bai yi dariya ba. Ya miƙo mani wayarsa.

Ni ce a ciki, 'yan sanda biyu sun sa ni tsakiya, muryar Bala tana tashi a kai: “Ku duba, jama'a. Uwa ce daga Aliero ta kai wuta ƙofar Yahudawa, ta rama wa yaran Gaza. Inna Mai Wuta ke nan. Maza, kuna ina?” An fassara shi da harsuna, ya zaga ko'ina.

Zango na uku gidan wata bazawara ce 'yar Maroko, Hajiya Zuhra, wadda matan masallaci suka haɗa mu. Ba na jin harshenta, ba ta jin nawa. Tana buɗe ƙofa ta rungume ni, ta sumbaci goshina, ta ba ni gadonta ita ta koma kujera. Ta dafa mani miya mai zafi, ta sa mani safa da hannunta. Tun da na zo ƙasar ba a yi mani irin wannan ba, har na yi hawaye. Kullum da safe Kulu za ta jingina waya a banɗaki in riƙa gaya mata inda za ta gasa da inda za ta danna, ina kallon ɗiyata tana yi wa kanta abin da na ƙetare duniya don in yi mata.

Sai waya ta fara shigowa daga gida. Matan islamiyyarmu, dangin maigida, har ƙanwata da ke aure a Maiyama, kowa albarka yake sa mani. Wata ta ce na fidda su kunya. In na ce ba haka aka yi ba, sai a ce an gane, kada in yi magana a waya. Maigidana kaɗai ne bai yi murna ba. Mutum ne mai sayar da albasa, ba shi da yawan magana. Da ya kira ni a waya sai ya ce, “A'i, abin ga da anka ce, kin yi shi?”

Na ce, “Ban yi ba, Malam.”

Ya ce, “To kar ki amsa sunan.”

Maƙwabtan Hajiya Zuhra suna ta zuwa ganina da kwanonin abinci, suna ɗaukar hoto da ni. Jikina ya ba ni wani abu. Na sa Kulu ta tambayi Hajiya Zuhra a waya da harshen ƙasar, me take gaya masu a kaina. Ashe ita ma bidiyon ta gani. Gadon da miyar da safar duk na Inna Mai Wuta ne, ba nawa ba.

Na daɗe zaune a bakin gadon. Ba ni da wani wurin kwana a ƙasar, a waje kuma sanyi ne mai shiga ƙashi. Amma na ce wa Kulu ta gaya mata komai, kada ta rage ko kalma: turare ne na maijego, ban nufi tsohuwar da sharri ba, kuma da zan ga wanda ya cusa mata tsumma mai wuta, da ni zan fara riƙe shi. Na naɗe kayana ina jira. Hajiya Zuhra ta saurara har ƙarshe, fuskarta ta canza, ta shiga kicin ta daɗe. Da ta fito sai ta ɗauke ƙullin kayana ta mayar cikin kabad, ta ajiye mani shayi. Ba ta sake sumbatar goshina ba, masu zuwa da kwano ma suka ɗauke ƙafa. Amma gadon ta bar mani har ranar da na tafi. Wannan alherin na biyu shi nake roƙa mata Aljanna a kansa.

Bala ya zo da kansa, da fara'arsa, ya tsuguna ya gaishe ni. Ya ce ranar Asabar akwai babban gangami a gaban kotun nan, ana so in hau mumbari in ɗaga hannu kawai, ba sai na ce komai ba. Ya ce an tara mani gudummawa, za a ɗaukar mani babban lauya.

Na ce, “Bala, kana wurin. Ka san mi ke cikin kaskon ga.”

Ya ce, “Inna, wa ya damu da abin da ke ciki? Mutanen ga suna kashe mana yara, ke kina zancen turare.”

“Ita tsohuwar, yaro nawa ta kashe?”

“Duk ɗaya suke.”

Na ce, “Haka wani Bature zai dube ni ya ce duk ɗaya muke da masu tare hanya suna yanka mutane a dajinmu. Ka yarda da wannan? Fiddo wayar taka. Yadda ka ɗauke ni ina tsakanin 'yan sanda, ɗauke ni yanzu in hwaɗi gaskiya, ka aika inda ka aika wancan.”

Ya yi dariya ya ce wannan ba wanda zai kalla. Na ce to ya tashi ya ba ni wuri, kuma in na koma gida zan biya ta tasha in sha fura wurin uwarsa, in ba ta labarin sana'ar da ɗanta ya koma yi a Turai. A nan ne dariyar ta ɗauke. Ban ɗaga murya ba, ban saba ba. Bai sake zuwa ba, bai kuma goge bidiyon ba.

Lauyar da hukuma ta ba ni yarinya ce mai kirki. Ta ce bidiyon ne ya ɓata komai. In aka tabbatar da cewa ƙiyayya ce ta sa na yi, akwai ɗauri, bayansa a kore ni, kuma zaman Malam Nasiru ma zai iya taɓuwa. Amma ta ce an yarda a yi zaman sulhu da tsohuwar kafin a kai gaban alƙali, kuma akwai hanya mai sauƙi: in ce ban san Bayahudiya ce ba. Baƙuwa ce ni, ba na jin harshe, kowa zai yarda. Kulu ta kama hannuna tana kuka ta ce, “Inna, don Allah ki hwaɗi hakan mu huta.” Malam Nasiru ya sunkuyar da kai, na san shi ma abin da yake so ke nan. 

Zango na huɗu wani ɗaki ne mai dogon tebur. Madam Miriyam tana can gefe, hannunta a cikin filasta, ta ƙara ƙanƙancewa. Kusa da ita ɗanta ne, Dawud, mai furfura shi ma, ya zo daga wani gari. Shi ya fara magana, yana yi yana buga tebur da yatsa. Ya kunna bidiyon. Ya ce tun da aka yaɗa shi samari suke zuwa ƙofar ginin suna kiran sunan uwarsa suna dukan ƙofa, don an ga lambar gidan a ciki. Ya ce shi a garin aka haife shi, yau hularsu ta addini a aljihu yake ɓoye ta in zai hau jirgin ƙasa. Ban ji haushinsa ba. Da uwata ce, da abin da zan yi ya fi haka.

Mai sulhun ya juyo gare ni ya yi tambayar da ake jira, ko na san Bayahudiya ce. Lauyata ta taɓa ni da ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Na ce, “Na sani. Tun kwanakin farko ɗiyata ta gaya mani Bayahudiya ce. Na ajiye kasko a can ne don can taga take. Abin da ban sani ba shi ne tana jin tsoro. Na ga tana kulle ƙofa da makulli uku, na ce girman kai ne, ban tambayi kowa ba. A garinmu, tsohuwa ba ta kwana cikin tsoro maƙwabcinta bai sani ba. Hannunta ya karye saboda ni, wannan na amsa, a yi mani hukuncinsa. Amma wancan sunan da ke cikin waya ba nawa ba ne.”

Tafinta ya juya maganar. Lauyata ta rufe ido. 

Tsohuwar ce ta fara motsi. Ba ta dube ni ba, Kulu da ke zaune gefena ta duba, ta tambaya hayaƙin na mene ne. Kulu ta yi mata bayanin jego, yadda uwa take tsare ɗiyarta kwana arba'in, ta yi mata wanka da ruwan zafi, ta dama mata kunu, ta turara mata jiki da tufafi, ba a barinta ta ɗauki ko tsintsiya. Madam Miriyam ta sa aka maimaita mata arba'in ɗin. Sannan ta yi magana a hankali, tafinta yana bi. Ta ce ita a lokacin babban yaƙin Turai aka haife ta, sa'ad da ake bi gida gida ana kwashe Yahudawa a jiragen ƙasa zuwa inda ake kashe su. Ba ta kai wata ɗaya a duniya ba uwarta ta naɗe ta a bargo ta miƙa wa wasu manoma Kirista, suka ce tasu ce. Uwar da uban da kakanni, ba wanda ya dawo. Ta ce ta yi shekaru tana gaya wa jikokinta wancan zamanin ya wuce. Da ta ga hayaƙi a ƙarƙashin ƙofa, sai ta ce ashe jinkiri kawai aka yi mata.

Ni dai lissafin da na yi irin namu ne na mata. Na ce wannan baiwar Allah uwarta ko wanka ba ta gama ba, nono yana zuba aka raba su. Na ja hijabi na rufe fuskata.

Ba mu rungumi juna ba, kada in ƙara gishiri. Ta ce ta yarda ba da nufi na yi ba, kuma ba ta so a raba wata uwa da ɗiyarta a kanta. Sannan ta ƙara da cewa ƙanshin abin bai yi mata daɗi ba ko kaɗan. Wannan ya ɗan sosa mani rai, don turaren na mai kyau ne, amma na haɗiye. Ɗanta bai so ba, sai dai maganarta aka bi. Aka janye zancen ƙiyayya, aka ci ni tarar sakaci, aka maido mani fasfo. Kaskon dai ban sake ganinsa ba.

Na koma na ƙarasa wa Kulu wankanta da hannuna. Samarin nan kuwa ba su daina zuwa ba. Da la'asar za su taru a ƙofar gini, waɗansu 'ya'yan Musulmi, waɗansu Turawa masu askin ƙwal, waɗanda in a wani wuri ne ni ma ba za su bar ni in wuce lafiya ba. Sai na ɗauki kujera na sauka, na zauna a bakin ƙofa da carbina da bargo, kamar yadda nake zama a ƙofar gidanmu. Da suka gane ni sai suka hau tafi suna cewa Mama, Mama. Na cire takalmina na nuna masu hanya, na gaya masu da Hausa cewa ba a haifi wanda zai daki ƙofar nan ina zaune ba. Ba su ji kalmomin ba, amma takalmi kowa ya san harshensa. Kullum sai na sauka, har suka gaji.

Duk da haka Madam Miriyam ba ta zauna ba. Kafin mu yi arba'in ɗanta ya zo da motar kwasar kaya. Gidan da ta shekara hamsin a ciki, a wuni ɗaya aka kwashe shi. Da za ta sauka ta tsaya a ƙofarmu, ta leƙa fuskar jaririn, ta taɓa ƙafarsa da hannunta mai lafiya, ta gyaɗa mani kai. Na gyaɗa mata. Iyakar sallamarmu ke nan. Wanda ya cusa tsumma, da wanda ya ɗauki bidiyo, da masu dukan ƙofa, ba wanda aka gurfanar a garin da ake gurfanar da ƙasashe. Ni kaɗai na zauna gaban tebur.

Da na dawo Aliero na tarar yayan maigida ya shirya walima, an yanka rago, mata sun cika tsakar gida. Ina shiga wata ta rangaɗa guɗa ta ce ga Inna Mai Wuta ta sauka. Ko zama ban yi ba. Na ce a dakata da abinci, na ba su labarin nan tun daga filin jirgi har motar kwasar kaya. Da na gama, matar yayan maigida ta ce, “Ke kuwa A'i, ko ba ki yi ba, da kin yi shiru kin bar mu da murnarmu.”

Na ce, “Yaya, murnar mi? An ce na sa wa tsohuwa mai shekara tamanin wuta tana cikin ɗaki, kunka yanka rago. Ku ci naman, amma ba da sunana ba.”

Waɗansu suka tashi ba su taɓa tuwon ba. Akwai waɗanda har yau ba su gaishe ni, suna cewa Turawa sun juya mani kai. Addu'ata ga mutanen Gaza ba ta ragu ba, kuma a cikin sujadar nan ɗaya nake roƙa wa tsohuwar nan barci mai daɗi a inda take. Ban ga inda ɗaya ta hana ɗaya ba. Na kuma biya ta tashar Jega kamar yadda na yi alkawari, na sha fura, na gaya wa uwar Bala. Ta yi kuka, ban ji daɗin ganin haka ba, amma na gaya mata.

Har yanzu a kasuwar Jega, ko a gidan biki a Maiyama, sai wani ya ɗaga murya ya kira ni da sunan. Ba na faɗa, ba na zagi. Sauke kayana nake yi, in nemi wuri in zauna, in ce ya matso, in faro masa tun daga ranar da kare ya shinshina kanwata. Ba na tsallake komai, ba na barinsa ya tafi sai na kai ƙarshe. Yanzu sun fara gudun kirana da shi, don sun gane labarin yana da tsawo, ni kuma ba ni da gaggawa.